Sarautar Da Aka Sayar Da Amfaninta Tun Ba A Hau Ta Ba: Tarihin Gidan FitzGerald Na Ƙasar Ailan

Filinmu na tarihi a wannan fitowa zai ƙetare teku da ku zuwa Ailan, wato tsibirin nan da ke yamma da Ingila, wanda babban birninsa shi ne Dablin. Akwai wata sarauta a can ta gidan FitzGerald da aka fara naɗawa a 1316, kuma ta haura shekara 700 ba ta fita daga gidan ba. Mai riƙe da ita shi ke kan gaba a jerin masu sarautar gado na ƙasar. Amma a watan Maris na 1976, wanda ke kanta a lokacin, tsoho ɗan shekara 83, a ɗan ƙaramin ɗakin haya ya mutu a unguwar Pimlico ta birnin Landan, ba gida ba gona. Ba kuwa yaƙi ya kore shi ba, ba kuma tuɓe shi aka yi ba.

Kafin mu shiga labarin sai mun fahimci ƙa'idar gadon, don ita ce ƙashin bayan zancen duka. Mutanen Ailan na asali suna da tasu hanya. In sarki ya mutu, duk namijin da ya haɗa kakan uba da sauran 'yan gidan yana da damar nema, sai manya su zauna su duba wanda ya fi ƙarfi da cancanta. Sau da yawa ma tun sarki na da rai ake tsai da mai jiran gado, wanda suke kira Tánaiste, kuma da sunan nan ne ake kiran mataimakin firayim ministan Ailan a yau. To, sarautar da za mu ba da labarinta ba a kan wannan hanya take ba, kan ta Ingila take. Takarda sarki ke bayarwa, takardar kuwa cewa ta yi sarauta ta bi 'ya'ya maza na aure, babba kafin ƙarami. Babu masu zaɓen sarki, babu kamun ƙafa, babu wai a duba hali ko hankali. Da numfashin uba ya yanke, babban ɗa ya zama shi ne, ko yana cikin zanen goyo, ko yana kurkuku, ko yana asibitin masu taɓin hankali. Mace kuwa ba ta ciki sam. Ku riƙe wannan, don za mu ga ranar da ta ceci gidan da ranar da ta kai shi ƙasa.

Su FitzGerald ba 'yan ƙasa ba ne tun asali, baƙi ne. Normawa ne, wato mayaƙan nan na arewacin Faransa da suka ci Ingila a 1066, kuma kalmar Fitz a bakinsu tana nufin "ɗan", FitzGerald ke nan ɗan Gerald. A 1166 aka kori Dermot MacMurrough, sarkin lardin Leinster da ke gabashin Ailan, daga gadonsa. Sai ya ƙetare ya nemo sojojin haya. Cikin waɗanda suka amsa kira har da Maurice FitzGerald, wanda ya sauka a 1169 daga ƙasar Wels. Aka yi yaƙi aka ci nasara, aka saka masa da ƙasa a yankin Kildare, yamma da Dablin, inda zuriyarsa suka gina babbar ganuwarsu a garin Maynooth. An gayyato baƙo ya taya faɗa, baƙo ya shimfiɗa tabarma.

Sai bayan kusan shekara 150 sarautar kanta ta zo. A 1315 Edward Bruce, ƙanen sarkin Sikotlan, ya shigo Ailan da yaƙi. John FitzThomas, babban gidan a lokacin, ya tsaya a ɓangaren Sarkin Ingila Edward na Biyu, shi kuwa ya saka masa a watan Mayu na 1316 da muƙamin da Turawa ke kira Earl, na Kildare. Don sauƙin karatu za mu riƙa cewa Mai Kildare. Bai ci ta ba sai na 'yan watanni, ya rasu a cikin shekarar. Akwai wata tatsuniya a kansa da 'yan gidan ke ji da ita. Wai yana jariri gobara ta tashi a gidan, kowa ya yi ta kansa aka manta da shi, sai wani biri da suke kiwo ya sungume shi ya hau da shi kan hasumiya har wuta ta mutu. Gaskiya ne ko ƙarya, biri dai na nan a tambarin gidan.

A hankali baƙin nan suka rikiɗe. Suka auri 'ya'yan sarakunan ƙasa, suka iya harshen, suka ɗauki mawaƙa da al'adun wurin. Abin ya dami Ingila har ta kafa dokokin Kilkenny a 1366, waɗanda suka hana zuriyar baƙi auren 'yan ƙasa da magana da harshensu. Doka dai ta zauna a takarda.

Ganiyar gidan ita ce zamanin Mai Kildare na 8, Gerald Babba, wanda ya hau a 1478. A suna wakilin Sarkin Ingila ne a Ailan, a zahiri kuwa shi ne sarkin. Ku ji irin ƙarfin halinsa. A 1487 aka kawo wani yaro ɗan shekara goma da wani abu, Lambert Simnel, aka ce shi ne halattaccen magajin gadon Ingila. Gerald ya goyi baya, aka ɗora wa yaro kambi a babban cocin Dablin. Sarki Henry na Bakwai ya murƙushe rundunar yaron a Ingila, ya tura shi aikin juya nama a madafar fada, amma Gerald bai taɓa shi ba, don ba shi da wanda zai riƙe masa Ailan in ba shi ba. Daga baya an kama shi an kai Landan, aka kuma sake shi a 1496 ya koma kan kujerarsa. An ce a wurin shari'ar ne wani ya yi ƙorafi cewa duk Ailan ta kasa iyawa da mutumin nan, sarki ya ce to tun da haka ne, shi sai ya je ya iya da duk Ailan. Shi ne kuma mai labarin ƙofar nan ta cocin St Patrick. A 1492 rikici ya ɓarke tsakaninsa da gidan Butler, abokan gabarsu na gado, wani babbansu ya shige ɗaki a cocin ya kulle, ya ƙi yarda da alkawarin aminci. Gerald ya sa aka huda ƙofar, ya zura hannunsa ciki, ga shi kuwa na cikin ɗakin da takobi. Aka gaisa, faɗa ya mutu. Ƙofar na nan a cocin da hudarta. Ya rasu a 1513 sakamakon harbin bindiga.

Yaron Da Ya Rage

Abin da Henry na Bakwai ya haɗiye, ɗansa Henry na Takwas ba zai haɗiye ba. A farkon 1534 ya kira Mai Kildare na 9 zuwa Landan ya tsare shi. Kafin ya tafi ya bar riƙon ƙasa a hannun babban ɗansa Thomas, saurayi ɗan shekara 21. Sai jita-jita ta iso Dablin cewa an fille kan uban. Ran 11 ga Yuni 1534 Thomas ya shiga zaman majalisa da mahaya 140 masu gezar alharini a kwalkwalinsu, abin da ya sa ake masa laƙabi da Thomas Mai Alharini, ya jefar da takobin mulki a gaban 'yan majalisa, ya ce daga yau ba shi ba Sarkin Ingila. Ashe uban na nan da rai. Sai a watan Satumba ya mutu a tsare, da ciwo da baƙin cikin abin da ɗansa ya jawo. Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa.

Tawayen bai yi nisa ba. Mutanen Thomas suka kashe Babban Bishop na Dablin, John Alen, wannan ya sa malaman coci da yawa suka juya masa baya. A watan Maris na 1535 Sir William Skeffington ya kafa wa ganuwar Maynooth igwa, cikin 'yan kwanaki ta faɗi, aka karkashe masu tsaronta bayan sun miƙa wuya. Thomas ya ba da kansa a watan Agusta bisa zaton za a bar shi da rai. Ran 3 ga Fabrairu 1537 aka rataye shi a Landan tare da baffanninsa biyar, ƙannen mahaifinsa, alhali wasunsu ko hannu ba su sa a tawayen ba. Aka soke sarautar, aka ƙwace ƙasa. Nufin Henry a fili yake: kada a bar namijin da zai ce shi ne magaji.

Amma an bar ɗaya. Thomas yana da ƙane da suke uba ɗaya, Gerald, haifaffen 1525, wanda ke kwance da ciwon agana sa'ad da ake farautar 'yan gidan. Aka naɗe shi aka gudu da shi, daga wannan gida zuwa wancan, har ya faɗa hannun goggonsa Eleanor. Matar nan ta yarda ta auri Manus O'Donnell, sarkin arewa maso yammacin tsibirin, don yaron ya sami mafaka. Sarakunan ƙasa da suka shekara ɗaruruwa suna gaba da juna suka haɗa kai saboda shi. A 1540 aka saka shi a jirgin ruwa a ɓoye zuwa Faransa, daga nan ya dangana da Roma wurin Kadinal Reginald Pole, wanda ya ɗauki nauyin karatunsa. Wani abin mamaki, wakilin sarkin da aka ɗora wa alhakin kamo shi, Leonard Grey, kawunsa ne, ɗan'uwan mahaifiyarsa. A 1541 Henry ya sa aka fille masa kai, kuma cikin laifuffukan da aka lissafa masa har da cewa da gangan ya bar yaron ya kuɓuce.

A nan ne ƙa'idar nan ta yi ranarta. Da a ce zaɓe ake yi, da an sami wani daga gefen dangi an naɗa, an manta da yaron da ke yawo a ƙasashen waje. Amma kowa a Ailan da Ingila ya san mutum ɗaya tak ke da haƙƙin, muddin yana numfashi. Henry ya mutu a 1547, Gerald ya dawo, aka mai da masa filayensa a 1552, Sarauniya Mary kuma ta mai da masa sarautar a 1554. Shi ne Mai Kildare na 11. Saboda son binciken sinadarai da ya koyo a Italiya, talakawa suka ɗauke shi boka, har aka ce bai mutu ba, duk shekara bakwai yana fitowa da dare a kan doki mai kofaton azurfa. A gaskiya dai a Landan ya rasu a 1585. Danginsu na kudu, masu sarautar Desmond, ba su yi irin wannan sa'a ba. An kashe nasu a 1583 bayan tawaye, aka raba ƙasarsu ga baƙi daga Ingila.

Bayansa sai ƙa'idar ta nuna ɗaya fuskarta. Babban ɗansa ya riga shi mutuwa a 1580, ya bar 'ya mace guda, Lettice. Sarauta ta tsallake ta, ta faɗa kan baffanta Henry, wanda ya mutu da raunin yaƙi a 1597, sannan ƙanensa William, wanda teku ta ci a 1599. Duk ba su bar namiji ba, sai ta koma gefe wurin ɗan ƙanen kakanta. Lettice ba ta yi shiru ba, ta shekara da shekaru tana shari'a. A ƙarshe a 1620 Sarki James na Ɗaya ya raba gardama: aka ba ta ƙasar Geashill da wata ƙaramar sarautar gidan, ta Offaly, amma sarautar iyakar rayuwarta ce kawai. Ni a ganina a duk 'yan gidan na wancan zamani ba wanda ya kai ta zuciya. A 1642, tana da shekara sittin da ɗoriya, 'yan tawaye suka kewaye ganuwarta suka ce ta miƙa wuya, ta ƙi, ta yi ta mai da musu amsa a rubuce har aka kawo mata ɗauki.

Mai Kildare na 16, George, maraya ne ya hau yana yaro, aka raine shi a kan ɗarikar Furotesta, ya auri 'yar mai riƙonsa, attajirin nan Richard Boyle. Wannan sauyin ɗarika shi ya tsare dukiyar gidan a shekarun da aka yi ta ƙwace ƙasar 'yan Katolika.

Da haka muka iso ƙarni na 18, lokacin da gidan ya sake tashi, wannan karon da kuɗi ba da takobi ba. A 1739 Mai Kildare na 19 ya soma gina ƙasaitaccen gidan Carton kusa da Maynooth. Ɗansa James ya ɗora harsashin wani a Dablin a 1745, ya auri Emily Lennox, jinin Sarki Charles na Biyu, a 1747, ta haifa masa 'ya'ya 19. Ran 26 ga Nuwamba 1766 aka ɗaga shi zuwa muƙamin Diyuk na Leinster, wanda babu na sama da shi sai gidan sarauta kansa. Tun daga ranar mai sarautar ke riƙe da sunayen biyu, tsohon na Kildare da sabon na Leinster.

Cikin 'ya'yan nan 19 akwai wanda bai gaji komai ba amma ya fi duk masu gadon suna a Ailan, wato Lord Edward FitzGerald. Yana saurayi ya yi wa Ingila yaƙi a Amurka, aka ji masa mummunan rauni a 1781, wani baƙar fata da ya gudo daga bauta, Tony Small, ya tsince shi a fagen fama ya yi jinyarsa, kuma bai sake rabuwa da shi ba har mutuwa. Edward ya dawo ya zama jagoran soja na ƙungiyar da ke neman 'yantar da Ailan daga Ingila. Ran 19 ga Mayu 1798, ana saura 'yan kwanaki a tashi, aka ritsa shi a wani gida a Dablin aka harbe shi a kafaɗa, ya mutu a kurkuku ran 4 ga Yuni. A 1801 aka rushe majalisar Ailan aka haɗe ta da ta Landan, manya suka yi ta ƙaura daga Dablin, a 1815 Diyuk na 3 ya sayar da gidansu na birni. Duk da haka, wajen 1880 gidan na da ƙasa fiye da eka 70,000.

Marayu Uku

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙa. Diyuk na 5 ya mutu da zazzaɓin taifot a watan Disamba na 1893 yana da shekara 42. Matarsa Hermione, wadda aka yi ittifaƙin tana cikin kyawawan zamaninta, tarin fuka ya ɗauke ta a 1895. Suka bar yara maza uku: Maurice haifaffen 1887, Desmond 1888, da Edward 1892. Maurice ya zama Diyuk na 6 yana ɗan shekara shida, dukiya kuwa ta shiga hannun amintattu daga cikin dangi. A 1903 aka yi dokar da ta ba manoma 'yan haya damar sayen gonakin da suke nomawa da rancen gwamnati. Amintattun nan suka sayar da wajen eka 45,000 a kan kuɗi sama da fam 700,000. Wato dukiyar da a da ƙasa ce, wadda ba a sa ta a aljihu, yanzu ta koma tsabar kuɗi da takardun hannun jari.

Maurice yana da farfaɗiya, daga baya kuma hankalinsa ya taɓu. Daga 1909 aka ajiye shi a wani asibiti a Edinbara ta Sikotlan, bai sake fitowa ba, bai yi aure ba. Amma shi ne Diyuk, ba mai ikon cewa a ba wani. Idon dangi duka sai ya koma kan Desmond, natsattse, hafsa a rundunar Irish Guards. Ran 3 ga Maris 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, gurneti ya tashi bisa kuskure a wurin atisaye kusa da Calais a Faransa, ya kashe shi. Shi ma bai yi aure ba. Saura auta.

Shi kuwa Edward, albasa ba ta yi halin ruwa ba. Tun yana saurayi caca da motoci da cin bashi da ruwa suka yi masa katutu. A 1913 ya auri wata 'yar rawar dandali, May Etheridge, dangi na so ba sa so, ta haifa masa ɗa, Gerald, a 1914. An daɗe kuma ana raɗe-raɗin cewa shi Edward ba ɗan Diyuk na 5 ba ne, ɗan wani basaraken Sikotlan ne, Lord Elcho, da uwar ta yi hulɗa da shi. Amma a shari'arsu ɗan da aka haifa cikin aure na mai aure ne, uban kuma bai kai maganar kotu ba, don haka ba ta hana shi komai ba.

Ba a daɗe da mutuwar Desmond ba masu bin bashi suka shaƙe shi. Sai ya je wurin Sir Harry Mallaby-Deeley, ɗan majalisa kuma hamshaƙin dillalin filaye. A lura, Edward ba shi da ikon sayar da sarauta, ba shi da ikon sayar da asalin dukiyar, don an ɗaure ta ne yadda kowane mai sarauta zai ci amfaninta kawai iyakar ransa ya bar wa na baya. To wannan amfanin, wanda bai ma zo hannunsa ba tukuna, shi ya sayar. Mallaby-Deeley ya biya masa bashin fam 67,500, ya kuma yanka masa fam 1,000 a shekara. Shi kuwa in Edward ya hau, duk abin da dukiyar ta haifar da gidan Carton nasa ne har ranar da Edward zai mutu. Caca ce ta kowane ɓangare. Maurice bai fi shekara talatin da kaɗan ba, yana iya kai tsufa, Edward ma yana iya riga shi tafiya, dillali ya yi asara.

A watan Fabrairu na 1922 Maurice ya mutu. Edward ya wayi gari shi ne Diyuk na 7 kuma Mai Kildare na 26, ba shi da ikon kwana ɗaya a Carton sai da izinin wani. A shekarar nan dai Ailan ta sami mulkin kanta, sabuwar majalisar ƙasa kuma ta soma zama a tsohon gidansu na Dablin, wanda har yau ake kira Gidan Leinster, kuma har yau nan majalisar take. Sai kuma Edward ya yi tsawon rai, kai ka ce da gayya. Shekara 54 ya yi a kan sarautar. Mallaby-Deeley ya mutu a 1937, magadansa suka ci gaba da kwasa. Aka sayar da Carton a 1949. Kotu ta bayyana Edward a matsayin wanda ya karye fiye da sau ɗaya. Ya yi aure huɗu, har Amurka ya je neman mace mai kuɗi bai dace ba, akwai lokacin da shi da matarsa ta ƙarshe suka buɗe ɗan shagon shayi a garin Rye. Jaridun Ingila suka riƙa yi masa ba'a da Diyuk mai ɗaki ɗaya. A 1976 ya sha maganin barci fiye da kima, binciken hukuma ya ce shi ya kashe kansa.

Wani zai ce laifin Edward ne shi kaɗai. Ni ban yarda ba gaba ɗaya. Dangi sun san halinsa tun yana yaro, sun san Maurice ba zai warke ba, suna da baffanni masu hankali a raye, amma takardar 1766 ba ta bar musu ƙofar da za su kauce masa ba. Kuma da ba don tabbacin da ƙa'idar ta bayar ba cewa shi ne zai hau ko ana so ko ba a so, da Mallaby-Deeley bai ba da ko sisi ba. Wa zai sayi gadon da sai an zauna an yi zaɓe?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗansa Gerald, wanda aka raunata a Nomandi a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma gina kansa da harkar jiragen sama da makarantar koyon tuƙinsu kusa da Oksfod, ya zo karɓar kujerarsa a majalisar masu sarauta ta Birtaniya, sai ga takarda daga Kalifoniya. Wani malamin makaranta ya ce mahaifinsa, wanda ya rasu a can a 1967, ɗaya ne daga yayyen Edward, ba mutuwa ya yi ba, ɓoye kansa ya yi ya ƙetare. In haka ne kuwa, tun da wa yana gaban ƙane, duk shekarun nan 54 a kan kujerar wani Edward ya zauna. Maganar ta jinkirta Gerald, amma ba ta tsaya ba, aka tabbatar da shi Diyuk na 8. Wani marubuci, Michael Estorick, ya bi diddigin zancen a littafin da ya fitar a 1981, ya nuna cewa mutumin yana da wani suna dabam a Ingila kafin ya yi ƙaura. Bayan rasuwar Gerald a 2004 iyalin suka sake tasowa, wannan karon da sunan jika, suka ce Desmond ne kakansu, gawar da aka binne a Faransa ba tasa ba ce. An kashe maƙudan kuɗi, a 2007 babban jami'in shari'a na Birtaniya, Lord Falconer, ya yi watsi da ƙarar.

To me ake yi wa wannan faɗa haka? Ba ƙasa, ba talakawa, ba albashi. Tsarin mulkin Ailan na 1937 ya hana gwamnati ba da sarautar gado, tsofaffin kuwa ba su da wani matsayi a dokar ƙasar, shi ya sa ma a Landan ake shari'ar. Kujerar majalisa ta tafi a 1999 lokacin da Birtaniya ta sallami mafi yawan masu gadon kujera. Carton ya zama otal da filin wasan golf. Ganuwar Maynooth kango ce da 'yan yawon buɗe ido ke ziyarta.

Wanda ya hau a 2004, Maurice, Diyuk na 9 kuma Mai Kildare na 28, haifaffen 1948 ne, ya yi sana'ar tsara lambuna a yankin Oksfod. Ɗansa namiji guda, Thomas, ya rasu a hatsarin mota a 1997 yana da shekara 23, ya rage masa 'ya'ya mata biyu, waɗanda matsayinsu a takarda daidai yake da na Lettice shekara 400 da suka wuce. Wani reshe na zuriyar FitzGerald ya riga ya ga ƙarshen irin wannan hanya: a 2011 Jarumin Glin na 29 ya rasu ya bar 'ya'ya mata uku, sarautar da ta haura shekara 600 ta tsaya a kansa. A gidan Leinster kuwa akwai sauran namiji a gefe. Ƙanen Maurice, Lord John, mai horar da dawakin sukuwa, ya rasu a 2015, layin gado ya faɗa kan ɗansa Edward, haifaffen 1988.